Idon da Ya Rage wa Baba Mai Ciyawa

Yaran makarantar ba su san shi da wani suna ba sai Baba Mai Ciyawa. Shekara ashirin da uku yana kula da filinta, shi ne kuma mai buɗe ƙofa da safe ya rufe da yamma. Ɗaki biyu aka ba shi a bayan azuzuwa, dab da tankin ruwa. A nan yake zaune da matarsa tun 'yarsu Auta tana goye, har ta girma ta yi aure a wani gari mai nisa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. In zai dube ka sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, domin idonsa na hagu ya mutu. Na dama kaɗai ya rage, kuma yana tattalinsa kamar mai ɗauke da ƙwai a tsakiyar kasuwa. Ba ya tsayawa kusa da mai faskare. In matarsa ta ɗora mai a wuta sai ya bar mata ɗakin. In yara suka fito da ƙwallo, ta bayan ginin yake zagayawa ko da hanyar ta ninka. Malamai suna yi masa dariya a ɓoye, shi kuwa ya sani, bai damu ba. Wanda ke da biyu ba ya sanin tsadar ɗaya.

Da ba haka yake ba. A shekarunsa na ƙarfi makaranta ta sayo injin yankan ciyawa, irin mai dogon ƙarfe da ake ratayawa a kafaɗa: inji mai shan fetur a sama, a ƙasa kuma wani kai mai juyawa da zaren roba, wanda ke kaɗa ciyawa ta kwanta. Aikin da lauje ke yi a mako biyu, injin ya gama shi a kwana biyu. Baba ya so abin nan kamar ɗan da aka haifa masa da tsufa. Matsalarsa ɗaya, zaren roba ba ya daɗewa yake cinyewa. Sai ƙanin matarsa, mai gyaran janareta da kowa ke kira Injiniya, ya nuna masa dabarar da masu yankan ciyawa ke yi: a cire zaren, a sa wayar birkin keke. A kuma kwance garkuwar robar da ke rufe kan injin, wai tana tare wa mutum gani.

Shekara biyu yana aiki haka lafiya lau. Ran nan da hantsi, a gindin katanga, wayar ta daki dutse. Wani sili da bai kai allura ba ya taso. Bai ji zafi ba. Ya ɗauka ƙwaro ne, sai da ya ji wani ruwa mai ɗumi yana bin kumatunsa. A asibiti likita ya gama ɗinki ya ce masa, "Ka kula da ɗayan, ba ka da na uku."

Ya kai injin sito ya tura shi ƙarƙashin karyayyun bencina. Ya koma wa lauje, shekara goma sha ɗaya.

Bana sai bayansa ya ƙi. In ya sunkuya ya yi yanka goma, miƙewa sai ya dafa gwiwa yana nishi. Ga shi ruwa ya sauka da yawa a dogon hutu, ciyawa ta kai ƙugu, ta haɗiye hanyar banɗaki da sandunan ƙwallo. Sabuwar shugabar makaranta ta aika a kira shi ofis.

"Baba, na gani a jerin kayan makaranta muna da injin yankan ciyawa. Yana ina?"

"Yana sito, ranki ya daɗe. Ya mutu."

"Mutuwa ya yi, ko ajiye shi aka yi?"

Ya hau murza hularsa.

"Ni ba na son raba ka da wurin nan," in ji ta. "Amma jiya mai shara ta ga maciji a ƙofar aji biyu. Kwana tara ya rage yara su dawo. In filin nan bai kwanta ba, iyayen yara za su kawo kamfani, kamfani kuma da maigadinsa yake zuwa. Ka gane ai."

Ya gane. Maigadin kamfani zai buƙaci wurin kwana, kuma ɗakunan biyu ne kawai.

Washegari da safe ya buɗe siton, tafin hannunsa a kan ido saboda ƙura. Ya janye bencina ɗaya bayan ɗaya har ya ga dogon ƙarfen kwance, yanar gizo ta yi masa likkafani. Guntun wayar birkin na nan a kansa, ta yi tsatsa, silinta a warware kamar gashin baki. Warin tsohon fetur ya buge shi. Nan take kwarmin mataccen idonsa ya shiga motsi, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

Matarsa na shanya lokacin da ya fito da shi. Ta saki zanin da ke hannunta.

"Baban Auta, me nake gani haka?"

"Inji ne."

"Na san ba akuya ba ce. Abin da ya ci maka ido ɗaya, shi ka ɗauko za ka miƙa masa na biyu?"

"To ya kike so in yi?"

"Mu tattara mu koma wajen Auta. Ta sha faɗa."

"In je in zauna gidan suruki ina jiran a zubo mini?"

"Gara a zubo maka kana gani, da a zubo maka kana laluben cokali."

Maganar ta shige shi har ƙashi, domin ita ce ainihin abin da yake tsoro. Ya sha gwadawa in ba kowa: ya rufe idon, ya yi taku biyar a cikin ɗakinsa, ya ji duniya ta zama rijiya. Amma ya saɓi injin a kafaɗa ya fita.

Rumfar Injiniya na bakin titi, kwano ne a kan sanduna huɗu, ƙasanta baƙi wuluk da mai. Yana hango mijin yayarsa ya fara abin da ya saba.

"A'a, mijin Yaya! Yau an ba ka izinin fita? Ko ta katanga ka tsallako?"

Sai idonsa ya sauka a kan abin da ke kafaɗar. Dariyar ta yanke. Duk tsokanar da ke tsakaninsu, ta kai ga sanƙo, ta kai ga gajarta, amma shekara goma sha ɗaya bai taɓa ambaton ido ba. Ya goge hannu a tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Ka kai wa wani," in ji shi.

"Wa zan kai wa? Kai ka san cikinsa."

Injiniya ya karɓa, ya kwantar da shi a kan teburi. Abu na farko da ya yi, ya ɗauki filaya ya zare tsohuwar wayar, ya fita har bakin kwata ya jefa ta.

"Zan gyara. Amma waya ba za ta sake zuwa kusa da kan nan ba, ko ina raye ko na mutu."

Kwana uku suka yi a kansa. Fetur ɗin da aka bari a tanki ya daskare ya zama kamar ƙaro, sai da aka jiƙa aka yi ta girgizawa. Tiyon mai ya dagargaje a hannu tun kafin a ja shi. Da Injiniya ya buɗe kafireto, mahaɗar fetur da iska, ƙananan hudojinsa duk sun toshe, 'yar fatar robar ciki ta bushe kamar ganyen bara. Ya wanke, ya hura, ya ɗaga a rana yana leƙawa, ya sake wankewa. A cikin salansa zanzaro ya gina gida har hawa uku.

"Ka ga masu haya," in ji Injiniya yana tsokalo ƙasar da sukudireba. "Su ma an ba su wa'adi su tashi."

Baba bai yi dariya ba. Yana zaune can nesa a kan tsohuwar taya, ya juya gefen hagunsa ga teburin. Da aka zo sauya igiyar tayarwa, ƙarfen da ke naɗe ta ya kuɓuce ya yi tsalle, ya daki kwanon rumfar. Kafin ƙarar ta mutu Baba na durƙushe a ƙasa, hannuwansa biyu a fuska. Masu wucewa suka tsaya kallo. Injiniya ya kore su da tsawa, ya tsugunna kusa da shi har numfashinsa ya dawo.

Akwai abin da Baba bai faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da Injiniya ya ja igiya injin ya yi tari ya mutu, wani sanyi ne ke sauka a zuciyarsa. In ya ƙi tashi, ai ba laifin kowa. Sai ya koma ya ce wa shugaba an yi iya yi. Rana ta biyu ta wuce a haka, yana addu'ar da shi kansa bai san inda ta dosa ba.

A rana ta uku aka sa sabon fulogi, aka gauraya fetur da baƙin mai daidai gwargwado. Ja na farko, tari. Na biyu, tari. A na huɗu injin ya ɗauka da wata ƙara siririya mai kaifi, shuɗin hayaƙi ya cika rumfar. Baba ya ji ƙarar a haƙoransa. Ita ce dai, ba ta tsufa ba ko kaɗan, kamar tana jiransa ne tun ranar.

Saura garkuwa. Ta asalin an yar da ita tun tuni, kuma Injiniya ya zagaya kasuwa bai sami irinta ba. Sai ya samo jarka mai kauri ya yanko gefenta, ya gasa a wuta ya lanƙwasa, ya huda, ya ɗaure ta a jikin ƙarfen da noti biyu. Ya naɗa sabon zaren roba.

"Noti biyu kawai?" in ji Baba.

"Mijin Yaya, ko kai ka hau kan garkuwar nan ba za ta motsa ba. To, kai ɗin nawa kake?" Ya shiga ciki ya fito da hular kwanonsa ta babur, mai gilashi a gaba. "Ka sa wannan. Kada ka ɗaga gilashin, ko da zuma ce ta shiga ciki."

A gida Baba ya jingine injin a inuwar tanki ya zauna yana kallonsa. Ya tashi ya girgiza garkuwar. Ba ta motsa ba. Ya koma ya zauna. Amma inji abu ne mai karkarwa, kuma ya sha ganin noti ya kwance kansa. In ɗaya ya kwance fa? In biyun suka kwance a tare, yana tsakiyar fili? A bayan ƙofarsa akwai ƙullin wayar da yake gyaran shinge da ita. Ya yanko kamu biyu ya zagaye garkuwar, ya murɗe da filaya. Bai ga ya saɓa wa Injiniya ba. Wayar da aka hana ta yanka ce, wannan kuwa ta tsaro ce. Da la'asar ya ƙara zagaye ɗaya. Washegari ya ƙara na uku, ya bar bakin wayar ya ɗan leƙo ta ƙasa, don ya sami wurin kamawa in zai ƙara matsewa. Sai a lokacin ya iya cin abinci.

Matarsa ba ta sake yi masa maganar Auta ba. Ta sa takalman ruwa, ta ɗauki sanda da bokiti, ta shiga filin. Wuni biyu tana bin ciyawa layi layi, tana buga sanda don maciji, tana tsince duwatsu da fasassun kwalabe da murafan lemo da cokulan da yara suka zubar. Bokiti bakwai ta kwashe.

"Abin da ya rage a ciki," in ji ta, "sai dai wanda Allah ya ajiye."

Ran yankan ya jira raɓa ta bushe. Ya sa riga mai dogon hannu, ya kifa hular kwano, ya sauke gilashi. A cikin hular yana jin numfashinsa kamar na wani mutum da ke tsaye a bayansa. Sau biyu ya kama igiya ya saki. Matarsa na tsaye nesa a barandar aji, ta harɗe hannu a ƙirji. A karo na uku ya ja.

Ya taɓa totur, zaren ya ɓace a cikin juyawa, ya kai shi gindin ciyawa. Ta kwanta. Ya kaɗa dama, ya dawo hagu, ya yi taku ɗaya. Ƙugunsa ya tuna aikin tun kafin kansa ya tuna. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya shigo ta ƙasan hular, fara na tashi gabansa, tsuntsaye suka sauko bayansa suna tsince abin da ya tono. Duk abin da ya daki gilashin, ko tsinke ne, sai ya zabura. Amma hanyar banɗaki ta fito, sandar ƙwallo ta fito, har ya kai tsakiyar fili.

Rana ta ɗaga. Zufa ta cika hular, gilashin ya yi hazo daga ciki, daga waje kuma koren ruwan ciyawa ya shafe shi. Da ido ɗaya, ta cikin wannan hazo, bai iya tantance inda zaren yake. Ya goge da hannun riga, ya ƙara dagulewa. Sai ya sa babban yatsa ya ɗaga gilashin kaɗan. Iska ta shigo, duniya ta wanke. Ya ce a ransa, layi ɗaya kawai.

Bai ji ihun matarsa ba saboda ƙara. Sai ganinta ya yi ta zagayo ta damansa da gudu, takalman ruwa na kaɗa mata ƙafa, tana dukan goshinta da tafin hannu, tana nuna masa ƙasa. Ya yi tsaki, ya sauke gilashin. Ya kaɗa dama. Ya dawo hagu.

Ƙas!

Kansa ya yi baya kamar an jefe shi da dutse. Komai ya yi duhu, domin ya runtse idon da dukkan ƙarfinsa. Yatsansa ya saki totur, ya lalubi makashin ya danna. Shiru ya sauko a kan filin.

Bai ji zafi ba. Wannan ne ya tsorata shi, domin wancan karon ma bai ji zafi ba. Kuma ga shi, wani ruwa mai ɗumi yana gangarowa ta kumatunsa na dama, a hankali, ya bi gefen hanci ya tsaya a leɓe.

Ya ji takunta a kan yankakkiyar ciyawa. Ya ji ta zare masa madaurin injin daga kafaɗa, ta kwance maɓallin hular, ta cire ta. Ya ji ta ja numfashi da ƙarfi.

"Me kika gani?"

"Buɗe idonka."

"Ki faɗa mini me kika gani."

"Baban Auta, ka buɗe."

"Ba zan buɗe ba." Muryarsa ta fito ƙarama. "Muddin ban buɗe ba, ina da ido."

Ta sa yatsa ta shafo ruwan da ke kumatunsa. "Zufa ce. Wallahi zufa ce, ba jini."

"Wancan karon ma haka aka ce mini a hanya."

Suka tsaya haka a tsakiyar rana, tsoho da tsohuwa, ba wanda ya motsa. Yana jin hankaki can a kan tanki. Yana jin zuciyarsa a cikin kunnuwansa. Ya tuna bai kalli fuskarta da kyau ba yau da safe, yana ta fama da igiyar takalmi, kuma in shi ke nan, to da hazon gilashi ya yi mata kallon ƙarshe.

Ta ɗora tafin hannunta a kan idon, ta yi masa rumfa. "To buɗe a cikin hannuna. Ba wanda zai sani sai kai."

Ya daɗe. Sannan fatar idon ta saki kaɗan. Ja ya fara gani, jan hasken rana ta tsakanin yatsunta. Ya ƙara buɗewa. Ga layukan tafin hannunta, ga kaushin sanda, ga wani ɗan yanka da kwalba ta yi mata jiya. Ta janye hannun a hankali, filin ya dawo, rabi kwance rabi tsaye, kore har yana ciwo.

Ya zauna a ƙasa. Ta miƙo masa hular. Gilashin ya tsage kamar tauraro, daidai saitin idon dama. A tsakiyar tsagar guntun waya ne a kafe, bakinsa ya ɓullo ta ciki kamar tsawon ƙwayar shinkafa.

"Waya?" Muryarta ta tashi. "Waya ya sake sa maka? Yau sai na ci mutuncin yaron nan a gaban rumfarsa!"

Baba ya juya hular. A gindin guntun akwai murɗi uku, matsattsu, irin na filayarsa. Ya dubi injin. Garkuwar jarka na nan daram a kan notinta biyu. Zagayen wayarsa na ƙasa ne ya zame da karkarwa, har zaren ya kamo bakin da ya bari.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Ni na ɗaura. Tsoro nake kada ta faɗi."

Ta je ɗaki ta dawo da filaya ta ajiye a gabansa. Ya kau da fuska gefe, ya warware sauran zagaye biyun da lalube. Ta karɓe wayar ta dunƙule a bakin zaninta.

"Saura rabin fili," in ji ta. "Da kwana uku."

"Ba zan tada shi ba sai da sabon gilashi."

"Ashe za ka sake tada shi."

Ta ɗauki hular ta rungume a hammata. "Bari in kai wa ƙanina ya nemo. In ya yi dariya, a kansa zan ƙarasa fasa ta."

Ya bi ta da kallo har ta fita ƙofar makaranta. Ya rage shi kaɗai a bakin ciyawar da ba a yanka ba, injin na huce zafi kusa da shi yana ɗan ƙas-ƙas. Ya ɗaga hannu ya rufe idon, ya ƙirga uku, ya buɗe. Filin na nan. Ya ɗan jima, ya sake rufewa, kuma wannan karon ma sai da gabansa ya faɗi kafin ya janye hannun.